Ɗana, Kafin Ka Haƙa Tafkin Kifi

Ɗana, idan kana cikin samarin da ke haramar shiga kiwon kifi, ajiye shebur tukuna in ba ka labarin wata ƙasa mai nisa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A tsibirin Borneo, a lardin Kalimantan ta Tsakiya na Indunisiya, akwai dazuzzukan fadama masu wata irin ƙasa da mutanen can ke kira gambut. Ganye ne da saiwa da kututture suka yi shekaru dubbai suna taruwa cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba, har a wasu wurare zurfinsu ya wuce mita 10. Ruwan da ke kwance a kai ja ne wur kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ga tsami, ga ƙarancin iska. Muddin ƙasar tana jiƙe, lafiya lau. Ranar da ta bushe kuwa, ta zama makamashi.

A 1995 Shugaba Suharto ya ba da umarni a mai da hekta miliyan 1 na wannan fadama gonar shinkafa. Aka tona magudanai da tsawonsu ya haura kilomita 4,000, ruwa ya tsiyaye, shinkafar kuma ta ƙi. A 1997 wuta ta kama, ta shige ƙarƙashin ƙasa tana ci makonni ba a ganin harshenta, sai hayaƙi. A 2015 ta sake tashi, ta cinye hekta miliyan 2.6 a faɗin Indunisiya, aka rufe makarantu a Palangka Raya, babban birnin lardin, hayaƙin ya kai har Malesiya da Singafo. Sai a 2016 gwamnati ta kafa hukumar da za ta toshe magudanan nan, a mai da ruwan da aka kashe dukiya wajen kora.

Abin takaicin, mutanen Dayak na wurin sun daɗe da sanin yadda ake cin arzikin fadamar nan tana jiƙe. Suna haƙa wani dogon rami siriri da suke kira beje a inda ambaliya ke kaiwa. Da damina kifi ya biyo ruwa ya shiga da kansa. Da ruwa ya janye sai ya maƙale a ciki, da rani a zo a kwashe. Ba sayen 'ya'yan kifi, ba buhun abinci. Kifayen ma 'yan gida ne, irin su haruan da papuyu, masu leƙowa sama su shaƙi iska yadda tarwaɗarmu ke yi, shi ya sa ruwan da zai kashe baƙon kifi bai dame su ba. Wanda ya nace sai ya kawo baƙon iri, dole ya yi ta zuba farar ƙasa don kashe tsamin ruwa, kuma kuɗin nan daga ribarsa ake cire shi. Wanda ya yi haɗama ya zurfafa rami, a wasu wurare yakan taɓo ƙasar da idan ta sha iska sai ta ƙara wa ruwan tsami. Ka riƙe wannan da kyau: ruwan da Allah ya ba ka shi za ka fara sani, sannan ka zaɓi kifi.

Mu ba mu da irin wannan ƙasa, amma ciwon aljihunmu ɗaya da na masu kiwo a can: abincin kifi ne ke lashe fiye da rabin kuɗin da ake kashewa. Wasunsu sun koma kiwon tsutsar wani baƙin ƙuda da ba ya damun mutane. A zuba masa tunkuzar ƙwarar manja da ruɓaɓɓun kayan gwari na kasuwa, cikin mako biyu ko uku tsutsa ta yi ɓul-ɓul, a tsame a ba kifi, abin da ta bari kuma taki ne na lambu. Kai ma kana da dusa, kana da ɓawon kayan miya, kana da tumatirin da ake zubarwa a kasuwa kullum yamma. Amma kul ka ɗauki ɗanyen kashin kaji ko hanji ka antaya cikin tafki don ka ji an ce shara abinci ce. Ruwa zai lalace, ka wayi gari kifi sun taso suna haki. A bar tsutsa ta fara sarrafa shi.

Sai ruwan da kake canzawa. Wannan koren ruwa mai ƙarni taki ne ka riga ka biya kuɗinsa a cikin buhun abinci, amma na ga masu sakinsa kan titi har maƙwabta su kai ƙara wurin mai unguwa. Tun kafin ka zuba ɗan kifi ko ɗaya, ka ja lambatu daga tafkin zuwa kwamin alayyafo da kuɓewa.