Tsohon da Muka Bari Ƙarƙashin Dogon Yaro

Shekarun baya an gayyace ni bikin rufe wani furoje a wata lakwal tsakanin Ƙonni da Malbaza. Kuɗi ne aka samo daga waje domin gidan raya al'adu ya haɗa hannu da lakwal, a koya wa yara kiɗa da waƙa da teyatur. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗinka wa yara riguna iri ɗaya. Can gefe, ƙarƙashin dogon yaro, wani tsohon makaɗi na zaune tun hantsi, gurminsa a cinya, ba wanda ya kai masa ko ruwa. Sai da azahar ta gota motocin baƙi suka iso, aka yafuto shi, ya yi kiɗan da bai wuce minti biyar ba, aka ɗauki hoto, aka danƙa masa jika biyu. Mu kuwa da muka yi kwana uku a ateliye muna shawarar yadda za a ceci al'ada, kowa ya sa hannu ya karɓi perdiyam ɗinsa. Na karɓi nawa, ban kuma mayar ba.

Don haka kada wani ya ce na keɓe kaina. Kuma ban ga laifin masu ba da tallafi ba. Wanda ya miƙo maka, Allah ya saka masa. Abin da ke damuna shi ne yadda muka saba tarbar kuɗin. Rabi ya tafi a taro da man mota da kyallen da ake ratayawa a ƙofa, sauran a yi bikin yini guda. Watan da kuɗin suka ƙare, a watan ake rufe ɗakin koyon, ƙura ta hau ganguna, gidan raya al'adu ya koma wurin hayar ɗaurin aure. Yaron da ya fara kama hannu ya koma inda ya fito. Alhali kowa ya san kiɗa ba a yini ɗaya ake koyonsa ba, kamar yadda ba a haddace izu a zama ɗaya.

Ba haka muka taso ba, ku tambayi iyayenku. Zamanin Seyni Kountché, samariyar kowace unguwa na da ƴan wasanta, ana fafatawa daga ƙauye zuwa gunduma har bikin matasa na ƙasa. Na san gwamnati na da bukatarta a ciki, ba zan ɓoye muku ba. Amma ginin da matasa suka ɗora da hannunsu, da daren da suka kwana suna gwajin wasa, ba furoje ya biya ba. A Tawa aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. A Tawa aka kafa gasar mawaƙa ta Ɗan Gurmu a 1987. Yazi Dogo, wanda wasanninsa suka sa ƙasa duka dariya da tunani, malamin makaranta ne, alli a hannu. Moustapha Alassane kuwa a Tawa ya zauna yana zana hotunansa masu motsi har duniya ta san shi, kafin rasuwarsa a 2015. Ɗan lakwal nawa ne a Illela ko Badagishiri aka taɓa nuna wa fim ɗinsa ko ɗaya?

Amma bari in faɗi wadda ta fi zafi, tun da mu ya mu ne. Ciwon ba na rashin kuɗi ba ne kawai. Muna son kiɗa, ba mu son makaɗi. Ranar suna da ranar naɗi muna nemansa, mu yi masa kari, mu ji daɗi yana kiran sunan kakanninmu, amma yaronmu ya ƙwanƙwasa tebur a aji da yatsu, mushe ya tsawata, ya koma gida uba ya ce, “Roƙo za ka yi mana?” To, wane tallafi ne zai shigar da mutum aji a matsayin malami, alhali mu mun riga mun ajiye shi a bakin ƙofa? Na ji masu cewa suna tsoron lalacewar tarbiyya, kuma tsoronsu na da tushe. Ba wanda ya ce a kawo rawar banza gaban yara. Sai dai mu tuna a Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma da waƙa shi da ɗiyarsa Nana Asma'u suka kai karatu ga makiyayi da matar da ke cikin gida. Gadonmu ne wannan, ba baƙon abu ba.

Ku dubi abin da sakacin ke jawowa. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'ar da har yau zuriyarsu ke cikin garin. Labarin yana bakin tsofaffi, kuma tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yaran da ya kamata su zauna gabansu su ji, su mayar da shi wasa su nuna a filin gari, suna fada suna kallon raye-rayen wasu ƙasashe a waya. Tun 2025 an ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, mun yi murna. To da me za mu cika ajin, in ba mu tattaro tatsuniya da kirari da karin magana daga masu su ba? Ga shi kuma tun 2023 yawancin hannuwan waje da muka saba dogara da su sun janye. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, ranar da aka rufe ƙofa zai gane.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Dirakta da kwamitin iyayen yara su je wurin mai kula da gidan al'adu, su yanke yamma ɗaya a mako, daga buɗe lakwal har hutu. A ɗauki makaɗi ɗaya, da tsohuwa ɗaya mai tatsuniya, da maƙeri ko majemi, a yanka musu abin da za su riƙa karɓa duk wata, kaɗan ne ko da yawa, amma kada ya yanke. Magajin gari ya sa layi ɗaya a kasafinsa. Mai albasa a Galmi da ɗan kasuwar Ƙonni, abin da suke liƙa wa mawaƙi a dare ɗaya ya isa ya riƙe wannan aji wata uku. In kuma Allah ya kawo tallafin waje, madalla, sai ya tarar da aiki yana tafiya. A sayi fata da tsarkiya, a gyara rufin ɗaki, a rage kujerun taro.

Tsohon nan na ƙarƙashin dogon yaro, na koma nemansa bayan damina biyu. Aka ce ya rasu. Gurmin yana rataye a zaure, tsarkiyar ta tsinke, jikansa da ya nuna mini shi yana aji biyar a waccan lakwal ɗin.