Farin Cikin Zuciya Abin Koyo Ne

Karatu: Filibiyawa 4:2-13



Duk wanda ya shiga majami'a ranar Lahadi a nan Jalingo zai tarar da fuskoki cike da fara'a. Zumuntar mata suna buga tulu, matasa suna rawa, dattawa suna tafi. Amma a bi yawancinmu gida ranar Litinin, sai a ga fuska ta sake. Ga kuɗin haya, ga kuɗin makarantar yara, ga tsadar abinci da ta ƙara tsananta tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Murnar da ke ƙarewa da addu'ar rufe sujada ba za ta riƙe mutum har Asabar ba. To, ina za a samu wadda take kwana da mutum, ta tashi da shi, ta bi shi kasuwa?

Manzo Bulus ya koya

Wasiƙar Filibiyawa sura huɗu ce kawai, duk da haka maganar murna da farin ciki ta fito a cikinta kusan sau 16. Abin mamaki shi ne, a ɗaure Bulus yake sa'ad da ya rubuta ta. Mutanen Filibi kuwa sun san shi sarai. A garinsu ne aka yi masa bulala tare da Sila, aka jefa su kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare kuma aka ji su suna addu'a da waƙar yabo (Ayyukan Manzanni 16).

Wani zai ce ai haka Allah ya halicci Bulus, mai sanyin zuciya. Aya ta 11 ta rushe wannan zato, gama a can ya nuna cewa koyon wadar zuci ya yi. Ya ɗanɗana ƙoshi, ya ɗanɗana yunwa, a cikin duka biyun kuwa ya ɗauki darasi. Abin da ake koya yana bukatar lokaci da maimaitawa. Yaron da aka kai wurin tela ba ya ɗinka babbar riga a makon farko. Sai ya karya allura, ya ɓata yadi, kafin hannunsa ya faɗa. Farin ciki ɗaya ne daga cikin albarkun Ruhu (Galatiyawa 5:22), wato kyautar Allah ce, amma gonar da yake tsirowa a ciki mu aka ba nomanta.

Zuciya rumbu ce

Manoman doya na Zing da Yorro sun san cewa aiki bai ƙare da haƙa ba. Bayan an adana doya, mai ita yakan riƙa dubawa, in ya ga wadda ta fara ruɓa ya cire ta nan da nan, don kada ta lalata sauran. Haka zuciya take. Abin da mutum ya tara a cikinta lokacin sauƙi, shi zai ci ranar wahala. Shi ya sa a aya ta 8 Bulus ya lissafa irin abubuwan da ya kamata tunaninmu ya zauna a kai, abubuwa na gaskiya da tsarki da mutunci. Wanda ya wuni yana juya zagin da aka yi masa shekara uku da suka wuce, yana auna gidansa da na maƙwabci, yana ajiye ruɓaɓɓiyar doya ne a tsakiyar rumbunsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Ga waɗansu al'adu biyar da za su taimake mu.

Na ɗaya, mu buɗe rana da godiya. Aya ta 6 ta haɗa roƙo da godiya wuri guda. Kafin hannu ya kai ga waya da safe, bari baki ya ambaci abubuwa uku da Allah ya yi jiya, kowanne da sunansa: yaron da zazzaɓinsa ya sauka, cinikin da aka yi, tafiyar da aka dawo lafiya. Na san wata gwauruwa a ikilisiyarmu da take toya ƙosai a bakin hanya. Kowane dare takan tara 'ya'yanta, kowa ya faɗi alheri ɗaya da ya gani a ranar, sa'an nan su kwanta. Talaucinsu bai tafi a dare ɗaya ba, amma gidan ba ya kwana da gunaguni.

Na biyu, mu tsare ƙofar ido da kunne. Yau jita-jita tana shigowa ɗakin kwana ta Facebook da WhatsApp, da hotunan tashin hankali waɗanda ba a san inda aka ɗauke su ba. Mutum ya kwana yana kallon irin waɗannan, sa'an nan ya yi mamakin dalilin da ya sa barci ya ƙi zuwa. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Sura ɗaya kafin barci ta fi awa biyu a kan waya amfani.

Na uku, mu yi sulhu da wuri. Kafin Bulus ya yi maganar murna a wannan sura, sai da ya roƙi mata biyu, Afodiya da Sintiki, su daidaita tsakaninsu. Dukansu ma'aikatan bishara ne, amma saɓani ya shiga. Gaba takan cinye farin cikin mai riƙe da ita kafin ta taɓa wanda ake yi dominsa. A jiharmu mai kabilu da harsuna masu yawa, mun ga yadda ƙaramar magana takan zama babbar wuta. Afisawa 4:26 ta sa wa fushi iyaka, wato faɗuwar rana.

Na huɗu, mu yi wa wani alheri kowace rana. Ikilisiyar Filibi ba masu arziki ba ne, amma sun aika wa Bulus gudummawa ta hannun Abafroditas. A shekarar 1743 John Wesley ya ba ƙungiyoyinsa a Ingila ƙa'idodi uku masu sauƙin riƙewa: kada a cuci kowa, a yi nagarta, a lizimci hanyoyin sujada. Mudun masara ga maƙwabci, ko ziyarar mara lafiya, yakan janye idon mutum daga kan damuwarsa.

Na biyar, mu ba jiki hakkinsa. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah ya fara ba shi abinci da ruwa da barci, daga baya ya yi magana da shi (1 Sarakuna 19). Sau da yawa abin da muke kira sanyin bangaskiya gajiya ce kawai.

Ga masu makoki

Kada wani ya ɗauka ana cewa a ɓoye hawaye ne. Mazauna Jalingo ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2005 ba, sa'ad da gadar Nukkai ta karye, rayuka da yawa suka salwanta. Wa zai je gidan da aka yi irin wannan rashi ya ce a yi dariya? Ubangijinmu kansa ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. Farin cikin mai bi yana iya zama ɗaki ɗaya da hawaye, domin tushensa shi ne sanin cewa Allah bai yashe mu ba. Annabi Habakuk ya hangi gonaki ba amfani, garke ba dabbobi, duk da haka ya ƙudurta zai yi murna da Allahn cetonsa.

In kuwa baƙin ciki ya kai makonni, mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana tunanin kashe kansa, to a yi addu'a tare da shi, a kuma kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Wannan ciwo ne mai magani, neman taimako kuma ba rashin bangaskiya ba ne.

Kammalawa

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin fitowar mujallarmu ta gaba akwai wata uku. Zaɓi ɗaya daga cikin al'adun nan biyar, ka fara gobe da safe. Za a yi ranar da za ka manta. Ka tashi ka ci gaba, gama sannu ba ta hana zuwa. Ƙarfin da ya riƙe Bulus a kurkuku daga wurin Almasihu ya fito, shi ne kuma zai riƙe ka a Magami, ko Mayo Gwoi, ko Sabon Gari.

Ya Uba, ka koya mana wadar zuci a cikin samu da rashi. Ka tsabtace tunaninmu, ka cika gidajenmu da salamarka, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.