Iskar Gefe da Tambayar Ƙaddara

A wajen saukar ƙaramin jirgin sama, ikon ɗan Adam da abin da ya fi ƙarfinsa kan haɗu cikin 'yan daƙiƙu. Titin jirgi a shimfiɗe yake ta fuska guda, iska kuwa ba ruwanta da titi. Idan ta buso ta gefe, tana tasowa tana lafawa, sai ta ture jirgin daga tsakiyar titi, ko ta ɗaga fiffike ɗaya har ɗayan ya gogi ƙasa. Jirgi mai kujeru huɗu irin Cessna 172 ba shi da nauyin danne ta. Iskar gefe mafi ƙarfi da masu ƙera shi suka nuna an sauka a cikinta ba ta wuce kusan kilomita 28 a awa ba.

Mutanen Ikara, Makarfi da Kudan sun san irin wannan iska a farkon damina, lokacin da hadari kan haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, ta karya rassan mangwaro, ta yaye rufin kwano. Ita ce kuma ke ratsa Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jiragen sama take tun 1964. Ana koya wa ɗalibi ya karkata hancin jirgi wajen iska, sannan dab da taɓa ƙasa ya miƙar da shi da ƙafa, ya sunkuyar da fiffiken ɓangaren iskar domin tayar wannan gefe ta fara sauka. In abu ya ƙi daidaita, ya ƙara wuta, ya fasa sauka, ya sake zagayowa.

Idan hatsari ya auku, abin da ake fara ji shi ne ƙaddara ce. Maganar gaskiya ce, amma ba ta rufe tambayar alhakin bawa ba. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan. Mu'utazila suka ce shi ke samar da aikinsa. Imam Ash'ari, wanda malaman zaure a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantar da tauhidi bisa tafarkinsa, ya tsaya a tsakiya: Allah ne Mahaliccin komai, bawa kuma yana da abin da ya tsiwirwira da niyyarsa, a kansa za a tambaye shi. Bugun iska ba na matuƙi ba ne. Tashi bayan an ji rahoton yanayi, da nacewa kan sauka don gudun a ce ya kasa, waɗannan nasa ne.

Fasa sauka ba raunin tawakkali ba ne. Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya ji labarin annoba, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya yi masa magana a kan komawar, sai Umar ya nuna masa cewa ita ma cikin ƙaddara take. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya bambance: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba.

Wannan bambanci ne ke halatta bincike, har ya wajabta shi. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Babban jirgi ne, amma iska ce ta juya masa farat ɗaya. Al'umma ta yi haƙuri da hukuncin Allah, masu bincike kuma suka gano cewa an tashi ne alhali an san yanayin ba kyau, kuma ba a fuskanci juyawar iskar yadda ya kamata ba. Ɗaya bai soke ɗayan ba.

Akan samu matuƙin da ya yi duk abin da aka koya masa, iska ta kifar da shi duk da haka. Fiƙihu bai haɗa shi da mai sakaci ba. A zamanta na Brunai a 1993, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke, game da haɗurran hanya, cewa ana ɗauke wa direba alhaki idan abin da ya fi ƙarfinsa ne ya jawo hatsarin, wanda kuwa ya yi ganganci ko ya karya doka yana ɗaukar nauyin abin da ya lalata. Ƙiyasin ya hau kan matuƙin jirgi.