Shirun Gidan Dawuda da Tarbiyyar 'Ya'yanmu Masu Balaga



Akwai wata sura cikin Littafi Mai Tsarki wadda ba safai ake karanta ta a majami'a ba, saboda nauyin abin da ke cikinta. Ita ce sura ta 13 ta Littafin Sama'ila na Biyu. Amnon, ɗan farin Sarki Dawuda, ya sa ransa ga Tamar, ƙanwarsa ta wajen uba. Da abin ya dame shi bai tafi wurin mahaifinsa ba, sai ya buɗe cikinsa ga abokinsa Yonadab, wani mai wayon tsiya. Yonadab ya ba shi shawara ya kwanta kamar marar lafiya, ya roƙi sarki a aiko Tamar ta shirya masa abinci. Dawuda da kansa ya aike ta. Amnon ya sallami kowa daga ɗakin, ya yi mata fyaɗe duk da roƙon da ta yi masa, sa'an nan ya tsane ta, ya sa bara ya fitar da ita ya kulle ƙofa. Ta zuba toka a ka, ta kece rigarta, ta tafi tana kuka. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru. Sarki ya ji labari ya husata ƙwarai, amma ba mu karanta cewa ya hukunta ɗansa ko ya share wa 'yarsa hawaye ba. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga baya kuma ya tayar wa mahaifinsa.

Mu dubi gidan nan da kyau. Ga saurayi da sha'awa ta taso masa, ba shi da mai ba shi shawara sai mugun aboki. Ga budurwa da aka cuce ta, aka kuma rufe mata baki. Ga uba mai tsoron Allah wanda ya san yaƙi, ya san mulki, amma ya kasa yin magana a cikin gidansa. In mun faɗa wa kanmu gaskiya, irin wannan shirun yana cikin gidajenmu da yawa.

Mun tashi cikin al'ada mai daraja kunya, kunya kuwa ado ce. Uba ba ya zancen jiki da 'yarsa, uwa tana jin nauyin ɗanta. Amma kakanninmu ba su bar yara haka kawai ba. Akwai kaka, akwai goggo, akwai kawu, waɗanda sukan ja yaro ko yarinya gefe in lokaci ya yi, su faɗa musu abin da iyaye ke jin nauyin faɗa. Yau kaka tana ƙauye, yarinya tana makarantar kwana, kawu yana can birni wurin aiki. Kunyar ta saura, amma masu koyarwar sun watse. Wurin da suka bari kuwa bai zauna wofi ba: wayar hannu ta shige shi da hotunan batsa, da abokan aji, da mai kemis na bakin hanya. Waɗannan su ne Yonadab na zamaninmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wasu za su ce, ashe wannan magana ta dace da bakin firist? Ikilisiya ta riga ta amsa. A shekarar 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu, cikin koyarwarta kan ilimin Kirista, ta ce a riƙa ba yara ilimi mai kyau game da jikinsu na maza da mata, cikin hikima, gwargwadon girmansu. A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana cewa wannan haƙƙi ne kuma wajibi ne a kan iyaye tun da fari, makaranta da majami'a mataimaka ne. A 2016 marigayi Paparoma Faransis ya sake jaddada bukatar haka cikin wasiƙarsa kan iyali. Dalilin kuwa a fili yake. Allah ne ya halicci jiki, Ɗansa kuma ya ɗauki jiki irin namu a cikin Budurwa Maryamu. Abin da Allah bai ji ƙyamar halittarsa ba, ba daidai ba ne mu bar 'ya'yanmu su fara jin bayaninsa daga bakin masu lalata.

To, me za mu koya musu?

Da fari, mu faɗa musu abin da zai faru da jikinsu tun bai faru ba. Yarinya takan fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, yaro kuwa tsakanin 9 da 14. Kada mu bari 'yarmu ta ga jinin al'ada na farko a makaranta ta ɗauka ciwon ajali ne ya same ta, ta ɓoye cikin tsoro. Uwa ta gaya mata tun da wuri cewa wannan alamar lafiya ce, ta nuna mata yadda za ta tsabtace kanta, ta kuma koya mata lissafin kwanakinta, waɗanda ga mace baliga sukan zagayo tsakanin kwana 21 da 35. Uba ko kawu ya gaya wa yaro cewa sākewar murya da mafarkin balaga ba cuta ba ne, ba kuma zunubi ba ne. Jin sha'awa ma ba zunubi ba ne. Abin da mutum ya zaɓa ya yi da ita, nan ne hisabi yake.

Na biyu, mu rushe ƙarairayin da ake yaudarar su da su. Ana gaya wa 'yan mata cewa ba a ɗaukar ciki a karon farko. Ƙarya ne. Yarinya tana iya ɗaukar ciki a karon farko, har ma kafin ta taɓa ganin al'ada, gama ƙwai yakan riga jini fitowa, maniyyi kuma yana iya rayuwa cikin jikin mace har kwana 5. Ana gaya musu wanka, ko ruwan gishiri, ko kanwa, ko ƙwayoyin kemis suna hana ciki. Ba sa hanawa, sai dai su jawo wata cuta. Ana gaya wa samari cewa wanda ya kame kansa zai kamu da ciwon mara ko ya rasa ƙarfinsa. Babu likitan kirki da zai tabbatar da wannan. Mu kuma sani, jikin yarinyar da ba ta gama girma ba bai shirya wa haihuwa ba. Doguwar naƙuda, inda kan jariri ya kasa wucewa, ita ce ke haddasa yoyon fitsari, wanda saboda shi ne asibitin Babbar Ruga a Katsina ya shahara wajen yi wa mata aiki. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya, ta 2003, ta sa shekara 18 ce iyakar ƙuruciya. Kada talauci ko tsoron abin kunya ya sa mu aurar da yarinya.

Na uku, mu yi musu bayanin cututtuka da sunayensu. An fara ba da rahoton ƙanjamau a Nijeriya a 1986, manyan cikinmu kuwa ba su manta da yawan gawar matasa da muka raka makabarta cikin shekarun da suka biyo baya ba. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, jimillar masu ita kuwa wajen mutum miliyan 1.9 ne. Cikin masu shekara 20 zuwa 24, 'yan mata sun ninka samari fiye da sau uku. Ba a gane mai ita da ido, sai da gwajin jini. Amma mu gode wa Allah, yau akwai magani. Wanda yake shansa kullum yadda likita ya tsara yakan yi tsawon rai, ya yi aiki, ya yi aure, uwa kuma ta haifi jariri lafiyayye. Ba a ɗaukar ta ta gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama kan benci ɗaya a majami'a. Akwai matasa a cikinmu da aka haife su da ita. Wanda ya ƙyamace su, ya ƙyamaci Almasihu.

Ciwon sanyi da tunjere suna warkewa in an je asibiti da wuri, amma in aka ɓoye su ana shan sassaƙe da ragowar ƙwayoyi, suna iya toshe hanyar haihuwa ko su cuci jariri a ciki. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi. Tun watan Oktoba na 2023 kuma ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar da ke kawo sankarar bakin mahaifa. Allurar ba ta hana haihuwa, ba kuma izinin lalata ba ce, gama mace mai aminci ma tana iya ɗaukar ƙwayar daga mijinta. Ku kai 'ya'yanku. Masu shirin aure kuma su gwada jininsu tun kafin magana ta yi nisa, domin in su biyun suna da AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila.

Za su tambaye mu game da kwaroron roba. Kada mu yi musu ƙarya, gama ranar da suka gane mun yi ƙarya a abu ɗaya za su daina gaskata mu a sauran. Likitoci sun tabbatar yana rage haɗarin ƙanjamau ƙwarai in an yi amfani da shi daidai, ko da yake bai kawar da haɗari duka ba. Duk da haka Ikilisiya tana kiran 'ya'yanta ga kamewa kafin aure da aminci cikin aure, domin saduwar miji da mata ba da kai ne gaba ɗaya, har mutuwa, da buɗe ƙofa ga sabon rai. Mutum ya wuce jikin da za a kāre daga cuta kawai. Yana da zuciya da ke karyewa, yana da rai da zai tsaya gaban Allah.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, kada mu zama Absalom. Tun yaro yana shekara 4 ko 5 mu koya masa cewa akwai wuraren jikinsa da ba wanda ke da ikon taɓawa, kuma in wani ya ce masa kada ya faɗa wa mama, wannan ne abin da zai fara faɗa wa mama. Sau da yawa mai cutar yara ba baƙo ba ne. Amnon ɗan gida ne. In yarinya ko yaro ya zo da kuka, mu saurara, mu gaskata, mu garzaya asibiti, domin akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau in an fara shi cikin awa 72, ana kuwa shansa kwana 28. Bayan haka a kai ƙara wurin hukuma, ko da mai laifin dangi ne, ko malami, ko mai sanye da rigar firist. A 2019 Paparoma ya umarci kowace dayosis ta buɗe hanyar karɓar irin wannan ƙara, mu firistoci kuma muna ƙarƙashin wannan doka. Ke kuma da aka cuce ki, ki ji wannan: bayan an washe birnin Roma a shekara ta 410, Waliyyi Agustin ya koyar cewa matan da aka yi wa fyaɗe ba su rasa tsarkinsu ba, domin tsarki yana cikin nufin zuciya. Laifin na wanda ya aikata ne.

In kuwa 'yarmu ta yi ciki, kada mu kore ta. Tsoron uba ne ke kai yarinya hannun masu zubar da ciki a ɓoye, inda sau da yawa akan rasa rai biyu. Ba za mu yi wa'azin tsarkin rai a majami'a, sa'an nan mu kulle wa mai ciki ƙofa a gida ba. A kai ta awo, a kula da ita, ta koma makaranta bayan ta haihu. Saurayin ma a kira shi ya ɗauki nauyinsa, gama ba ita kaɗai ta yi ba.

Ku samarinmu, namiji shi ne wanda ya mallaki kansa. In budurwa ta ce a'a, magana ta ƙare. Ku 'yan matanmu, wanda ya ce sai kin ba shi jikinki ko hoton tsiraicinki kafin ya yarda kina ƙaunarsa, kansa yake ƙauna. Hoton da ya fita daga wayarki kuwa ba ya komowa. Wanda ya riga ya fāɗi a cikinku, kada ya fid da zuciya. Ya zo ya furta zunubinsa ya karɓi gafara, ya kuma je asibiti a gwada shi. Kowanne da aikinsa, ɗaya ba ya ɗauke ɗaya.

Saboda haka muna roƙon kowane uba da uwa, kada wannan wata ya ƙare ba ku zauna da ɗanku ko 'yarku ba. In baki ya yi nauyi, ku nemi goggo, ko kawu, ko uwar baftisma mai hankali, ku ɗora mata wannan amana a fili. Zumuntar Mata Katolika da zumuntar maza su gayyaci nas ko ungozoma daga cikin ikilisiyarsu, ta fara koya wa iyaye tukuna, sa'an nan a tara 'yan mata daban, samari daban. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Uba, wanda ya ba mu 'ya'ya amana, ya kwance harshenmu, ya ba mu hikimar faɗin gaskiya cikin ladabi. Ya warkar da kowace Tamar da ke kuka a ɓoye cikin gidajenmu. Maryamu Uwarmu da Yusufu mai tsarki, waɗanda suka yi renon Yesu har ya girma, su yi roƙo dominmu. Albarkar Allah Mai Iko Duka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta sauko muku, ta zauna tare da ku har abada. Amin.