Kutare Goma a Kan Iyaka



A cikin Bisharar Luka, sura 17, Yesu yana kan hanyar Urushalima, ya bi ta iyakar Samariya da Galili. A bakin wani ƙauye kutare goma suka tarye shi, amma ba su matso kusa ba, gama dokar da ke cikin Littafin Firistoci, sura 13, ta ware mai wannan cuta daga jama'a. Daga nesa suka ɗaga murya suna roƙon jinƙai. Na daɗe ina karanta wannan wuri kamar labarin mutanen da, har shekarar 2020 ta zo ta koya mini ma'anarsa.

A tsakiyar Maris na shekarar, da yawanku kuna Argungu, a bakin Matan Fada, kafaɗa da kafaɗa, kuna kallon bikin kamun kifi da aka farfaɗo da shi bayan shekara 10. Ba a yi mako biyu ba gwamnati ta hana mutane ƙetare iyakokin ƙasa saboda annobar korona. A watan Mayu aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli. A cikin Misa muka daina miƙa wa juna hannu a gaisuwar salama, aka kwashe ruwa mai tsarki daga bakin ƙofa, muka zauna nesa da juna da takunkumi a fuska. Ranar 27 ga Maris Paparoma Francis ya yi addu'a a Dandalin Bitrus Mai Tsarki, ana yayyafi, dandalin fayau ba taro.

Wasu sun ce mini wannan rashin bangaskiya ne. Ban yarda ba a lokacin, ban kuma yarda ba yau. Yesu bai tsawata wa kutaren don sun tsaya nesa ba. Ya aike su su nuna kansu ga firistoci, waɗanda a zamanin su ne masu duba ko mutum ya warke, a hanya kuwa suka tsarkaka. Wanda ya ƙi shiga ɗakin tsohuwarsa don kada ya kai mata cuta, ƙauna ce ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

Amma iyaka ta fi ciwo. Mutumin Kamba da na Gaya kasuwarsu ɗaya, aurensu ɗaya, jana'izarsu ɗaya. Wani magini ɗan Jamhuriyar Benin, da ke sujada tare da mu a nan Badariya, mahaifiyarsa ta rasu a Malanville a cikin waɗannan watanni. Ya zo wurina da dare yana tambaya ko zunubi ne ya bi ta daji a kan babur, ya biya masu tare hanya. Muka zauna a tsakar gida, taku uku tsakaninmu, ban iya ko dafa kafaɗarsa ba. Na shawarce shi ya haƙura, na yi wa mamaciyar Misa washegari. Har yanzu nakan tuna fuskarsa. A Disamba 2020 aka buɗe iyakar Illela da wasu uku, amma ta Kamba sai a Afrilu 2022, kuma talaka ne ya fi shan wahalar wannan jira.

Ku lura da abu ɗaya. Cikin goman akwai Basamariye, mutumin ƙetaren iyaka, wanda Bayahude mai lafiya ba zai ci abinci da shi ba. Cuta ce ta haɗa su. Da suka warke, tara suka wuce, baƙon kaɗai ya komo ya faɗi a gaban Yesu yana godiya, kusa da ƙafafunsa, inda da ba shi da izinin zuwa. Yesu kuwa ya tambayi inda taran suke.

Wannan tambaya tana damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma akwai bencin da har yau babu mai shi. Wasu sun saba da zaman gida ranar Lahadi. Wasu an yi musu rasuwa ba wanda ya je gaisuwa, zuciyarsu ta yi sanyi da Ekklesiya, kuma ban ga laifinsu duka ba, gama mu ma mun yi sakaci. Akwai tsofaffin da muka daina kai musu Tarayya Mai Tsarki saboda tsoron cuta, cutar ta wuce, ba mu koma ba.

Saboda haka ina roƙon Zumuntar Mata, da matasa, da shugabannin unguwanni, kowa ya rubuto sunayen waɗanda ya daɗe bai gani a Misa ba, har da 'yan'uwanmu na Nijar da Benin da Togo, ya ba katikis kafin Lahadi mai zuwa. Kada ku je da faɗa. Ku yi sallama, ku zauna, ku sha ruwan gidan. Inda akwai mara lafiya ku sanar da ni, ni da kaina zan zo ranar Alhamis da yamma.