Sarkin da Ya Ƙi Cin Abinci

Karatu: 1 Sarakuna 21:1-16

In ka karanta wannan sura a hankali za ka ga abin mamaki: mutumin da ya fi kowa dukiya a Isra'ila shi ne ya kwanta da yunwa. Ahab ya yi shekara 22 yana sarauta. Yana da fada a Samariya, yana da wata a Yezireyel, har gida mai adon hauren giwa ya gina. Amma ga wata 'yar gonar inabi ta Nabot a jikin fadarsa, yana so ya mai da ita lambu. Tayin da ya yi ba laifi, kuɗi ko musaya da gonar da ta fi ta. Nabot ya ce a'a, gadon kakanninsa ne, Shari'ar Musa kuwa ta hana a sayar da ƙasar gado har abada (Firistoci 25:23). Sai sarki ya koma gida, ya hau gado, ya juya wa kowa baya, ya ƙi abinci kamar yaron da aka hana ƙuli-ƙuli.

Kada ka yi saurin yi masa dariya, domin mu nan Bakori mun san irin wannan kwanciya. Bayan an cire tallafin man fetur a 2023 farashin masara ya yi ta hawa, har a 2024 mai buhuna a ɗaki yana tafiya kamar ba ƙasa yake takawa ba. A 2025 farashin ya faɗo, taki kuwa ya ƙi saukowa, sai fuskoki suka canja daga kasuwar Bakori har zuwa ta Dandume. Wanda ya ci bashin taki ya kasa biya, damuwarsa ta gaskiya ce, ba da shi nake ba. Haka 'yan'uwanmu na wajen Faskari da Sabuwa da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Nasu kukan na gidan Nabot ne, Ubangiji kuwa yana jinsa. Ciwon Ahab daban ne. Rumbunka cike, yara sun ƙoshi, kuɗin makaranta ya fita, amma ka bi ta gonar maƙwabci da yamma ka ga zangarniyar dawarsa ta fi taka, shi ke nan tuwon dare ya ƙi wucewa.

Ciwon nan yana bin mutum har cikin majami'a. Lokacin ba da shaida, wata ta tashi ta ce Allah ya ba mijinta sabon babur, ko ɗanta ya sami gurbin karatu a Zariya. Kowa ya ɗaga murya da halleluya, kai ma ka ɗaga, amma ka san yadda ta fito. Ke ma 'yar'uwa, a taron zumuntar mata, kin san inda idonki ya tsaya sa'ad da wance ta shigo da sabuwar atamfa.

Dubi inda kwanciyar ta kai shi. Yezebel ta shigo ta tambaye shi abin da ya same shi, ta ce ya tashi ya ci, ita za ta ba shi gonar. Ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan gari. Aka sa azumi. Lura da wannan da kyau, mu masu son azumi: da sunan ibada aka tara jama'a, aka zaunar da Nabot a gaba, aka kawo masu shaidar zur biyu, aka fitar da shi bayan gari aka jajjefe shi. Ahab bai ɗauki dutse ko ɗaya ba. Shiru kawai ya yi, bai tambayi yadda za a samo gonar ba, domin ba ya so ya sani. Zuciyar da ba ta ƙoshi ba takan sami mai yi mata aikin da take jin kunyar yi da hannunta.

A ƙasarmu ba a cika jifa ba, hanyoyinmu sun fi laushi. Ɗan'uwanka ya rasu ya bar gwauruwa da ƙananan yara, kowace damina garmarka ta ci kunya ɗaya daga gonarsu, har iyakar ta ɓace. A yayyafa wa auduga ruwa kafin a kai ta ma'auni a Funtua. A riƙe tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Babu wanda ya fara waɗannan don yunwa ta kusa kashe shi.

Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Akwai gaskiya a ciki, don mun ga tsoho mai furfura yana ƙyashin abin da ke hannun jikansa. Amma a Ezekiyel 36:26 Ubangiji ya yi alkawarin ɗauke dutsen ne gaba ɗaya, ya sa zuciya mai taushi a madadinsa, wannan kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Ko Ahab ɗin nan, da annabi Iliya ya tare shi a cikin gonar, ya yage tufafinsa ya ƙasƙantar da kansa, Allah kuma ya lura.

Manzo Bulus ya rubuta wa Filibiyawa daga kurkuku, a sura ta 4 ya ce musu wadar zuci koyonta ya yi, a cikin ƙoshi da cikin rashi. Koyo kuwa yana ɗaukar lokaci. Ba a ɗaura wa ɗan maraƙi garma yau ya tsaga kunya madaidaiciya gobe. Shi ya sa nake jin tsoron wa'azin da ke auna albarka da mota da bene kaɗai. Mun gaskata Allah yana buɗe ƙofofi, muna kuwa roƙonsa ya buɗe. Amma in an ƙara wa Ahab gona, wata gonar zai hango bayan katanga.

Yau ka ambaci sunan gonar Nabot ɗinka a gaban Ubangiji, kada ka yi kwana-kwana. Ka sa wa mai ita albarka da bakinka, da sunansa. In kuwa akwai kunyar da ka ci, ka kira dattawan iyali a mai da iyakar inda take tun ba a yi shuka ba.

Addu'a: Ya Uba, ka san gonar da ta hana ni barci. Ka albarkaci mai ita, ka ba ni ƙarfin mayar da abin da ba nawa ba. Ka tuna da gwauraye da waɗanda aka raba da gonakinsu. A cikin sunan Yesu, amin.