Ta'aziyyar Malam, Zuwa ga Yayata a Doguwa



Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan maigidanki Malam, ya gafarta masa, ya yalwata masa kabari, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ke kuma Allah ya ba ki dangana, ya raya abin da ya bari.

Ranar addu'ar uku gida ya cika maƙil. Mutanen Kiru sun zo, na Tudun Wada sun zo, abokan nomansa sun gangaro daga Riruwai, har da fuskokin da ban taɓa gani ba. Ba mu sami sararin keɓewa ba. Amma na ji abin da kika faɗa wa Inna a ɗaki, cewa ba za ki yafe wa kanki ba, don a daren da ya cika barci ya sace ki, kika farka kika tarar ya juya shi kaɗai ba wanda ya tallafe shi. Tun da na dawo Bebeji maganar nan take cina. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san yadda abin ya faro. Jini a bayan gida, kowa ya ce basir ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe, mutum yana ramewa. Kafin a kai ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sankarar hanji ta riga ta toshe hanya. Likitoci suka yi tiyata, suka fito da bakin babban hanji ta gefen hagu na ciki, ƙasa da cibiya kaɗan, suka manna masa jaka. Ba su ɓoye mana komai ba: aikin na sauƙaƙa wahala ne, ciwon ya riga ya yi nisa. Riƙe wannan maganar, Yaya, za mu dawo kanta.

Masu dubiya da rana suke zuwa. Su tarar da Malam cikin farar riga, ɗaki yana ƙamshin turaren wuta, su ce jiki ya yi kyau, su yi addu'a su tafi. Dare kuwa naki ne ke kaɗai, kuma ga mai jaka a ciki dare ne babban aiki. Lafiyayye yana faɗawa shimfiɗa yadda ya ga dama. Shi kuwa Malam, kowace kwanciya sai an yi mata lissafi.

Makonnin farko rigingine kawai yake iyawa, shi ma ba shimfiɗe sosai ba. Kina jera masa filo a baya ya zama rabin kishingiɗa, ki cusa wani ƙarƙashin gwiwoyinsa don kada ɗinkin ya ja. Ke kika riƙe abin da nas ta koyar ranar sallama, mu duk mun manta: kada ya miƙe zaune kai tsaye, sai ya mirgina gefe, ya sauke ƙafafu ƙasa, ya dogara da hannu ya ɗago. In tari ya zo, a danne cikin da filo. Dalilin shi ne naman ciki ya yi rauni a wurin da aka huda, yunƙuri mai ƙarfi na iya haifar da ƙaba a gefen jakar. Ko a mota ranar dawowa, daga Kwanar Dangora har aka ratsa dajin Falgore, hannunki na kan filon da ke cikinsa, duk ramin da aka faɗa ke kike fara cije leɓe.

Da ɗinki ya warke sai wata matsalar ta ɓullo, kuma ita ce na fi so ki tuna. Malam tun yana makarantar allo bai san wata kwanciya ba sai ta ɓarin dama, hannu ƙarƙashin kunci, yadda sunna ta koyar. Jaka kuwa tana hagu. In ya kwanta a hagu, katifa ce ke ɗauke nauyinta, a kwana lafiya. In ya kwanta a dama, sai ta yi reto a kan ciki, tana cika tana nauyi, tana jan gam ɗin da ya riƙe ta a fata, kafin asuba ta ɓalle ta gefe. Nas ta ce hagun ta fi sauƙi, kuma gaskiya ta faɗa. Malam bai yi musu ba, ba halinsa ba ne. Amma ke kin ga yadda yake kwana ido biyu yana jan carbi, kin gane ba ciwo ne ya hana shi barci ba. Sai kika nemi audugar rimi, kika ɗinka ɗan matashi siriri, kika riƙa jingina shi a jikin cikinsa yadda jakar za ta kwanta a kai. Daga ranar ya koma damansa. Ba likita ya rubuta miki wannan ba, ba kuma wanda zai ambace shi a wurin zaman makoki. Ni dai a wurina duk cikin hidimar da aka yi wa Malam babu wadda ta kai wannan.

Rub da ciki kuwa ba a ma yi gardama a kansa ba. Likita ya ce yana danne jaka, malamai sun daɗe da cewa abin ƙi ne.

Sai kuma sauran da ba a iya faɗa a gaban mutane. Tuwon dare ya dawo kafin magariba don hanji ya gama yawancin aikinsa kafin a kwanta, gidan duka ya bi wannan tsari. Wake, kabeji, ɗanyar albasa da lemon kwalba suka ja baya saboda iskar da suke tarawa, mai kumbura jaka cikin dare. Kina juye ta kafin barci, ba kya bari ta wuce rabi, ki tashi tsakar dare ki laluba ki ji ko ta yi tauri. Leda a ƙarƙashin zanin gado, ruwa a buta, tocila a kusa. Ranar da aka yi rashin sa'a kuwa, cikin sanyin hunturun Doguwa mai shiga ƙashi, kin wanke kin shanya kafin kiran assalatu, ba maƙwabcin da ya taɓa sanin an yi wani abu. Namiji mai girma a gari, mai jin nauyi irin Malam, abin da ya fi tsoro shi ne tonon asiri. Ya rasu asirinsa a rufe.

Kin tuna damuwarsa a kan alwala, har ya ce ina amfanin sallar mai ɗauke da najasa? Liman ya zaunar da shi ya yi masa bayani cewa abin da ke fita ba da ikon mutum ba, ba ya kuma tsayawa, shari'a ta yi wa mai shi uzuri. Ya kawo masa labarin sahabi Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya dama, Manzon Allah (SAW) ya yi masa izinin salla a zaune in tsayuwa ta gagara, a kwance kan gefe in zaman ma ya gagara. A watannin ƙarshe da kwanciyar gefen nan Malam ya yi sallolinsa, fuska gabas, ɗan matashinki a jikinsa.

Ita kanta jakar, ki sani, tausayin 'yar'uwa ne ya kawo ta duniya. A ƙasar Denmak, a 1954, wata nas mai suna Elise Sorensen ta ga 'yar'uwarta Thora ta daina fita gida bayan irin wannan tiyata, don tsoron wari da yoyo. Ta zauna ta yi tunanin jakar roba mai gam da za a manna a fata, a yar in ta gama aiki. Daga nan aka kafa kamfanin Coloplast a 1957. Kafin lokacin masu wannan lalura da tsumma da wasu gwangwanaye masu ɗauri suke fama.

Yanzu maganar daren nan. Yaya, juyi ba ya kashe mutum. Mai jaka yana juyawa cikin barci, mafi munin abin da zai faru shi ne a yi wanki da safe. Abin da ya ɗauki Malam shi ne ciwon da likitoci suka faɗa mana tun ranar tiyata, sai kuma wa'adi da ya cika. Da idonki biyu, da haka za ki zauna kina kallo, ba abin da za ki iya tarewa. Barci ɓarawo ne, mace kuma da ta yi watanni tana raba dare biyu ba ta da laifi in ya rinjaye ta sa'a guda. Wa ma ya sani, ko Allah ne ya tausaya miki ya kawar da idonki daga abin da ba za ki iya mantawa ba.

Kin kuma ji abin da liman ya tunatar a maƙabarta, maza suka kawo mana: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ciwon ciki ya yi ajalinsa yana cikin waɗanda aka lissafa da shahada. Mu fata muke yi, hukunci na Allah ne, amma fata ce mai tushe. A ɓarinsa na dama aka kwantar da shi, ba jaka, ba gam, ba wanda zai tashi ya laluba.

Na san har yanzu kina farkawa a daidai lokacin da kika saba, hannu ya kai wurin da babu kowa. Jiki ba ya saurin mantuwa. In kin farka kada ki yi ta kokawa da ido, ki tashi ki yi alwala ki yi masa addu'a, ki koma. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, doguwa ce ga wadda ba ta ci ba ta barci. Ki bar Auta ta riƙa kwana a ɗakinki. Ciwon bayan nan da kike ɓoyewa, da jirin da na ga kina yi, a kai ki babban asibitin Tudun Wada a auna jininki, fita neman magani ba ta karya takaba. Yaran ma a gaya musu a fili: wanda mahaifinsa ya yi sankarar hanji, in ya ga jini a bayan gida ko cikinsa ya canza hali, asibiti zai nufa, kada a sake cewa basir ne.

Saura jakunkunan da suka rage a kwali. Na ji kin ce a ƙone su don ba kya son ganinsu. Ina roƙonki kada a yi. Kin fi kowa sanin tsadarsu da wahalar samunsu, sai an aika Kano. A ƙauyukanmu, inda ruwan sha ba shi da tsafta, taifot yana huda hanjin yara, wasu a fito musu da ƙaramin hanji ta dama kafin a mayar bayan wasu watanni. Nasu ya fi na Malam ruwa da yawan zuba, yana cin fata, iyaye da dama kuma leda da tsumma suke ɗaura musu. In na zo kafin arba'in zan karɓa in kai ɓangaren tiyata a ba mai bukata, ladan ya je wa Malam. Matashin rimin kuwa ki ajiye abinki, amma ki nuna mini yadda kika yanka shi, akwai wata uwa a nan Tiga da nake so in ɗinka wa.

Maigidana yana miƙa ta'aziyyarsa, yara suna gaishe ki. A gaida Inna da haƙuri. Allah ya kai haske kabarin Malam, ya kyauta namu zuwan.

Ƙanwarki,
daga Bebeji.